Kasat ta Biyu ta Markus Mai Gita

Jama'a, a gyara zama, a kashe sigari! Ga Markus ɗan Andarawus, sarkin gita na Madawa da kewaye, wanda wani mai rediyo a Yamai ya ce ƙasar nan ba ta taɓa jin irinsa ba. Da rana kuwa, zannuwan gado yake wankewa a asibitin mishan.

Orkes ɗinsu, wato ƙungiyarsu ta kiɗa, sunanta Duwatsun Adar. Kasat ɗinsu ta farko ta rawa ce, ba bikin da ba ta shiga ba daga Bangi har Buza. Ta biyu, ta 1994, bayan rasuwar matarsa Dorkas ya yi ta. Gita na kuka a hankali, gurmi na rarrashinta. Masana suka yaba. Direbobin tasha suka ce tana sa su gyangyaɗi bisa hanya. Kwalayen kasat suka kwanta ƙarƙashin gadonsa, mai ganga ya tahi cirani.

Rashin ciniki bai dame shi ba. Abin da ke cinsa, garin da Dorkas ta zauna ba wanda ya saurari waƙarta har ƙarshe.

Sai mata suka gano amfanin kasat ɗin: a manna sikoc, wato salatif, bisa ramukanta, a shafe waƙa, a ɗauki saƙon baki zuwa ga 'yan cirani. Markus da kansa yake danna jan maɓallin, idonsa na bango.

Wata ranar kasuwa ina wurinsa, tsohuwa Hajo ta zo daga Urno, za ta yi wa ɗanta Gajere faɗa, shi yana Abijan. Ta cika fuska guda ta kasat da magana: rufin ɗaki, akuya, aure. Markus ya juya kasat, ya gwada ta, gita ta taso.

"Mi ne ne wanga?"

"Waƙa ce, Inna. Yanzu zan shafe."

"Ta wa?"

"Ta mai ɗakina. Ta rasu."

Hajo ta riƙe masa hannu. Ta saurara har kasat ta ce ƙas, ta goge ido da bakin zane.

"Bar mishi wagga. Faɗan ya isa."

Da ta fita na ce, "Yaya Markus, ka shiga duniya! Yau Abijan, gobe Faris!"

Ya ce, "Tashi bisa kwalin nan, kana murƙushe su."