Kyamarar da Aka Buɗe a Gindin Gawo

Har yau ban manta da ranar da aka yanke kwalin kyamararmu ta farko ba. Ina ba ku labarin ne, ku sababbin shiga aiki, saboda jiya na ga an kawo kaya nan biro, wato ofis, wani daga cikinku ya ce a bar su a rufe sai ranar fita.

Lokacin ban cika shekara da gama jami'a ba, ina aiki a wani ƙaramin furoje na tallafa wa manoma a Tasawa. Muƙamina mai bin gonaki ne: in je ƙauye, in ga abin da ya faru, in rubuta rapor, wato rahoto. A shekarun nan wayar hannu ba ta ɗaukar hoto a wajenmu, ko in ce waɗanda muke riƙewa ba sa ɗauka. Shugaban furojen, Mushe Hamisu, wato Malam Hamisu a faransance, Patoro muke ce masa. Ba zan ce mugun mutum ba ne, amma yana da wata ɗabi'a game da sabon abu. Kujerar da yake zama a kai ta shekara uku da ledarta, in ya motsa sai ka ji ƙara.

A kakar shekarar nan tsutsar zangarniya ta ci geron wani ƙauye da ke ƙasar Attantane, cikin yankin Mayahi. Na je na gani da idona. Zangarniya tana tsaye, ka kama ta ka murza, sai gari da kashin tsutsa. Masu ba mu tallafi sun yarda za su ba da irin shuka ga ƙauyukan da abin ya shafa, da sharaɗi ɗaya: a aiko musu da hoton gonakin a tsaye, yadda za su ga faɗin ɓarnar. Don haka ma suka aiko da kyamarar. Ni da bakina na roƙi Maigari Tanko ya hana mutanensa sare karan. Suka bar shi, alhali kara abin darni ne kuma abincin awakinsu ne.

Ga wanda bai san ƙa'ida ba, akwai abin da ake kira sakin gonaki. Bayan girbi hukuma takan sa rana, daga ranar makiyaya suna da damar shigar da shanunsu su ci abin da ya rage. Kafin ranar, shiga gona laifi ne. Bayanta, hana shiga shi ne laifi. Ranar da muka sa za mu je, washegarinta ce ranar saki.

Kyamarar ta iso kusan mako guda kafin tafiyar. Patoro ya sa kwalin a kabad ɗinsa ya kulle. Na same shi na ce, “Patoro, in ba damuwa, da an ba ni ita in duba. Ina jin sabuwar na'ura kan so a yi mata caji tukuna, ko da yake ban tabbata ba.”

Ya dube ni ta saman tabarau. “Lawali, ka taɓa riƙe irinta?”

“A'a, ranka ya daɗe, shi ya sa nake so in koya.”

“To a kan sabuwa za ka koya? In na buɗe ta a nan, yau maigadi ya ce a ɗauke shi, gobe sakatare ta kai ta biki. Kafin ranar aiki ta tsufa. Nasara ba ya sayar da abu sai ya gama shirya shi. Can gaban Maigari za mu buɗe, mutane su ga sabuwa muka kawo musu.”

Na koma sau biyu. Na ce ko littafin bayanin kawai a zaro mini. Ya ce littafin yana cikin kwali, kwali kuwa a manne yake. A karo na ƙarshe ya ce da ni, “Kai dai tsoro ya yi maka yawa. Ko ruwa za ka sha sai ka tambayi randa.” Duk biro aka yi dariya.

Muka isa ƙauyen da hantsi. An shimfiɗa tabarmi a gindin gawo, maza da mata sun taru. Can gefe Arɗo Bello yana zaune da sandarsa, shi ne babban makiyayan da suka yada zango a bayan gari suna jiran saki. Patoro ya yi jawabi mai tsawo, aka yi addu'a, sannan ya fito da reza ya yanke kwalin a hankali don kada ya ɓaci. Ya miƙo mini kyamarar ya ce, “Bismillah, ɗan jami'a.”

Na sa batir, na danna. Fuskarta ta yi haske, ta rubuta cewa babu kati. Kati shi ne ɗan abin nan kamar farce da hotuna ke taruwa a ciki, ashe daban ake sayensa. Na zazzage kwalin, babu. Ina cikin dubawa wata alama ja ta yi ƙyaf-ƙyaf, kyamarar ta mutu. Ƙauyen ba kuran, wato wutar lantarki. Motarmu ma ba ta da inda za a soka irin wannan abin caji.

Maigari ya ce, “Mushe, mi ya same ta?”

Kafin in buɗe baki Patoro ya amsa, “Yaron ne bai iya ba tukuna. Kun san yaran yanzu, takarda kawai.”

Wata tsohuwa daga bayan taro ta ce, “Amarya ce, kunya take ji. Ku ba ta tukuici.” Mutane suka yi dariya, amma Maigari bai yi ba.

Na ja Arɗo Bello gefe na roƙe shi ya riƙe shanu kwana ɗaya tak. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ɗan malam, nawa zan iya riƙewa, don ni da Maigari mun daɗe muna cin tuwo ɗaya. Amma ka ga ƙurar can? Waɗannan daga arewa suka taho, shanunsu sun kwana biyu ba su ƙoshi ba. Hukuma ta ce gobe. In na tare su, da wane baki?”

Gaskiyarsa ce, ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Muka juya. A Mayahi akwai kuran amma ba kati, sai da muka koma Tasawa. A can ma wani mai shagon hoto ne ya ara mini nasa. Washegari Patoro ya ce mota za ta kai shi taro Maraɗi, don haka na hau babur ni kaɗai, kyamara a naɗe cikin rawani saboda rairayi.

Na isa bayan azahar. Shanu sun shiga tun da safe. Gonakin da na sani a tsaye sun zama fili, sai kututture da kashin shanu. Arɗo ya cika alkawari, nasa suna bakin rijiya, ya kuma tsaya da kansa a kan gonar Maigari, amma gona ɗaya ce cikin gari guda. Na ɗauke ta ta kowace kusurwa. Mata suka kawo mini zangarniyar da suka tsinta a ƙwarya, na ɗauka. Kyamarar ta yi aiki lafiya lau, hoto garau.

Amsar masu tallafi ta zo bayan wata guda, in ban manta ba. Sun ce gona ɗaya ba ta nuna ɓarnar gari, aka ba Maigari shi kaɗai irin shuka. Ya raba buhunsa tiya-tiya ga waɗanda suka fi shiga wahala. Sauran mutane, waɗanda suka bar karansu saboda maganata, ba su samu iri ba, ba su samu kara ba. A taron biro Patoro ya bayyana cewa jami'in bai ƙware da na'ura ba, ya ba da shawara a tura ni horo.

Da damina ta kusa na koma ƙauyen don wani aiki. Maigari ya karɓe ni ya ba ni fura. Ya ga kyamarar a wuyana ya ce, “Amarya ta saba da gida ke nan?” Na ce ta saba. Ya ce, “To madalla. In kun ƙara samun wani sabon abu, ku gwada shi a kanku kafin ku zo mana da shi.”

Abin da na riƙe ke nan a wannan aiki. Kaya in sun iso, a buɗe su ranar nan. A yi caji har batir ya cika, a tabbata akwai kati, a gyara kwanan wata, a ɗauki maigadi da akuyar maƙwabta har hannu ya saba. Ƙila in yi kuskure a wasu abubuwa, amma a wannan ba na jin na yi. Kwalin jiya yana kan teburina, ga reza, wanda ya ce a bari shi zai yanke.