Sunaye Bakwai a Ƙarƙashin Randa

Bana shekara goma sha shida ke nan da rasuwar ɗana na fari a yaƙin basasa. Da bazara labarin ya zo, irin bazarar da ko ƙadangare ba ya son hawa katanga da rana. Abubuwan shekarar kaɗan nake tunawa. Na san kullum na tuƙa tuwo, na share tsakar gida, na je suna, na je biki, an gaishe ni na amsa. Amma da za a tambaye ni ko damina ta yi kyau a shekarar, ban sani ba. Kamar da auduga a kunne na zauna har shekara ta zagayo.

Soja ɗaya ne ya zo gidanmu a Dakata da takarda. Mai gidana, Allah ya jiƙansa, ya karɓa a zaure, ya shigo ya ce mini, "Sai haƙuri." Ba gawa, ba kabari, ba kuma wanda ya iya faɗa mana sunan garin. Aka yi masa salla a masallacin unguwa babu makara a gaba. Ni kuwa da yake ɗan fari ne, ban yi kuka a gaban mutane ba. Kun san al'adarmu. Ko sunansa ban taɓa kira ba tun ranar da aka raɗa masa shi. Babba nake ce masa, a nan ma haka zan ce.

Kafin ya shiga soja, Babba yana aiki a wani kamfanin kwanuka a Bompai, a ɗakin da ake gasa fenti a jikin kwano. Wuta ce wuni guda. In ya dawo gida ba ya kallon kowa, randa yake nufa, ya shanye moɗa biyu a tsaye. Ubansa ya yi ta faɗa, wai yaro ya shigo gida ba gaisuwa. Shi kuwa sai ya goge baki ya ce, "Baba, ku bari in dawo mutum tukuna, sannan in gaishe ku."

Da aka fara ɗibar soja, samari da yawa daga kamfanin suka tafi. Bakwai ba su dawo ba.

Bayan yaƙi ya ƙare, abokan aikinsu suka ce sai an yi wani abu a bakin ƙofar kamfanin don tunawa da su. Nan aka rabu biyu. Ma'aikata Kirista, mutanen Filato da na kudancin Zariya, suka ce a kafa dutse a rubuta sunaye, yadda ake yi a wajensu. Musulmi suka ce dutse ba ya amfanin mamaci da komai, gara a sa ruwan sha sadaka. An yi makonni ana ja. Wani tsohon birkila ne ya raba gardamar. Ya ce shi ya gaji da surutu, a kawo masa bulo da siminti. Ya gina dakali mai tsawo a gindin darbejiyar da ke jikin katanga, tsayinsa daidai ƙugu. A samansa aka girke randa uku. A gabansa kuma, tun siminti bai bushe ba, aka sa ƙusa aka rubuta sunayen bakwai a jere, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Na Babba ne na ƙarshe, can wajen bishiyar. Aka ɗaure wani kofi na kamfanin da sarƙa. Kowa ya sami abin da yake so, kowa kuma ya ɗan ɓata rai.

Cika randunan aka bar mana, mu iyaye mata da ke kusa. A nan na san Saratu, uwar Yohanna, 'yar Filato. Sunan ɗanta ne a tsakiya, daidai ƙarƙashin babbar randa. Ita ta yi makarantar mishan, tana karatu. Rana ta farko ta kama hannuna ta kai yatsana ƙarshen dakalin, ta ce, "Ga naki nan." Na taɓa. Zane ne kawai a jikin siminti, ban san farkonsa ba, ban san ƙarshensa ba.

"Ku Hausawa kuna da abin mamaki," in ji ta. "Ki haifi mutum, ki goya shi, ki ƙi faɗin sunansa. To da yunwa ta kama shi yaya kike kiran sa?"

Na ce, "Wanda ke jin yunwa ai ba a kiran sa, Saratu. Da kansa yake zuwa."

Ta yi dariya har ta zubar da rabin bokitinta.

Saboda wannan zanen na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfura a kaina. Da na ɗan iya riƙe fensir, na je na kwafo shi a littafina yadda na gan shi, na kai wa malamarmu ban ce komai ba. Ta duba, ta karanta sunan da ƙarfi kamar yadda take karanta kowace kalma. Na amsa littafina na koma na zauna. Sunan ya fito daga hannuna ke nan, tun da ba zai fito daga bakina ba. Rubutun da kuke karantawa yau ma daga can ya faro.

Nakan tambayi kaina, da Babba zai dawo yau, me zai gane? A zamaninsa in an ce kamfani, Bompai ake nufi. Sharaɗa da Challawa gonaki ne, can mukan aika a sayo mana rogo. Ina raye na ga an share su, an kafa masaƙu da majemu, jiniya na kuka nan tana kuka can, kekuna sun cika titi da safe har ba wurin taka ƙafa. Ina raye kuma, ga shi ina ganin ana sallamar mutane. An ce kayan aiki ba sa shigowa daga waje. Ɗakin gashin da ya yi aiki a ciki, kwana uku a mako ake kunna shi yanzu. Ina jin da abin zai dame shi, don shi mutum ne da ba ya son ganin namiji zaune da hantsi. Ina jin kuma da bai gane ni nan take ba. Randa dai zai gane.

Mu iyayen muka yi ta raguwa. Uwar Garba ta Gumel ta rasu. Uwar Mamman tana Damagaram, sau ɗaya ta taɓa zuwa. Sauran na daina ganin su, ban san yadda aka yi ba. Shekara biyu da suka wuce aka sallami mijin Saratu, suka ɗaure kaya za su koma gida. Ranar tafiyarsu ta zo da bokitinta ta ba ni. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce, "Yaya, na bar miki Yohanna." Na ce to.

Sai ga shi ruwan bai taɓa samun masu sha kamar yanzu ba. Mutanen da aka sallama sukan zo su zauna a inuwar darbejiya ko za a kira aikin wuni. Ga direbobin tirela, ga masu tura kura, ga mata masu tallar abinci. Yawancinsu ba su san labarin wurin ba, ba su ma lura da rubutu a ƙasa ba. Wasu in sun sha sukan ce Allah ya jiƙan mai wannan ruwa. Wasu ba sa cewa komai. Duk ɗaya ne a wajena.

Abin da tsohon birkila bai hango ba shi ne ruwa yana cin siminti. Randar ƙasa dole ta yi naso, da haka take sanyi. Nason yana gangarowa ta gaban dakalin. Wanda ya sha kuma, ragowar da ke kofi a nan yake watsawa. Mai alwala a nan yake wanke ƙafa. Shekara da shekaru. Gansakuka ta kama, in na kankare ta sai ta taho da ɓarɓashin siminti. Sunaye uku na tsakiya sun shafe rabi. Na Yohanna, wanda aka bar mini amana, harafi biyu ne suka rage sosai, sauran sai wanda ya san su. Na Babba kuwa, da yake can ƙarshe yake nesa da randunan, yana nan kamar jiya aka rubuta shi. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma kullum na zo nakan fara duba shi, in ga yana nan, sannan in ɗebo ruwa.

Mai gadin ƙofar, Kofur Bitrus, shi ma tsohon soja ne, tare suka tafi da su Babba amma aka raba su tun a bariki. Ya dawo da ƙafa guda a sanƙare. Shi ke buɗe mini in ɗebi ruwa a famfon ciki. Yana da barkwanci, yakan ce ƙafar tasa ta fi rediyo sanin ranar da za a yi ruwa. Sau ɗaya na taɓa tambayar sa ko soja na samun ruwan sha a can. Ya ce, "Mama, ruwa kam ya yi yawa a can. Ruwan sha ne babu." Ban ƙara tambaya ba.

Makon da ya wuce ya tare ni bayan na gama cika randuna. Ya cire hula, abin da ba ya yi.

"Mama, mun zauna, mu 'yan mazan jiya na nan Bompai da na Sharaɗa. Manaja ya yarda. Za a kewaye dakalin da ƙarfe, a bi sunayen a gyara. Amma sai an sauke randunan."

Na ce, "A sauke su a kai ina?"

"Shi ne abin. Hagu ƙofar tirela ce, dama kwata. Tsallaken titi kuwa ba inuwa, kuma hukuma na kwashe duk abin da aka ajiye a bakin hanya."

"To masu sha fa?"

"Mama, in aka bar shi haka, damina biyar ba sauran suna. Mu ma tafiya muke yi ɗaya-ɗaya. Duk shekara manya na kai furanni can babban wurin tunawa da sojoji, da bindiga da ƙaho. Waɗannan bakwai ɗin wa ya san da su in ba wannan simintin ba?" Ya mai da hularsa. "Ku kaɗai kuka rage cikin iyaye. Abin da kuka ce shi za a yi. Gobe da hantsi mai walda zai zo ya auna."

Na dawo gida na zauna a ƙofar ɗaki har la'asar ta yi sanyi. Na zaci zan ji wani abu ya taso mini, fushi ko kuka. Babu. Na dai yi ta juya maganar. Kofur bai yi ƙarya ba. Yohanna ba shi da kabari, kamar yadda Babba ba shi da shi, kuma uwarsa ba ruwa ta bar mini ba, suna ta bar mini. In ta zo wata rana da jikoki ta kai yatsansu wurin, me za su taɓa? Amma kuma in an sauke randunan, abin da zai rage bango ne a cikin keji, mutane su wuce shi da ƙishirwarsu. Ni kuma abin da na sani yana isa ga mamaci shi ne abin da ya ratsa maƙogwaron mai rai.

Na lissafa abin da ya rage mini na Babba. Kwano ɗaya mai furen da fentinsa ya ɗan ɓare, wanda aka ba shi a kamfani ya kawo mini. Ƙarar moɗa tana gugar gindin randa. Sai sunan. Na ɗauko tsohon littafina na yaƙi da jahilci, na buɗe shafin baya, na rubuta shi ba tare da na duba komai ba. Ya fito daidai. Sauran iyayen shida ba sa nan balle su rubuta na 'ya'yansu. Ni ina nan, kuma hannuna ya iya.

Masu karatu, in akwai wanda ɗan'uwansa ya yi aikin kwanuka a Bompai ya tafi yaƙi bai dawo ba, ya zo ya duba. Sunaye shida za su daɗe yanzu.

Washegari da sassafe na riga mai walda zuwa. Na juye ruwan da ya kwana a gindin darbejiya. Na ce wa Kofur ya kama mini. Ƙananan randuna biyu muka kai ɗakin gadinsa, don a riƙa ƙari daga can. Babbar kuwa muka mirgina ta a hankali har ƙarshen dakalin, muka girke ta daidai saman suna na bakwai.

Kofur ya dubi randar, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Mama, wannan fa na ɗanku ne."

Na ce, "Na sani. Ka ce wa mai walda ya fara ƙarfensa daga na shida."

Na cika ta bokiti huɗu. Na mai da sarƙar kofin wajen. Ban gama ɗaurewa ba wani direba ya sauko daga mota, ya yi sallama, ya sha kofi biyu a tsaye, ya watsa ragowar a gaban dakalin ya tafi. Ruwan ya gangara ya cika harafin farko. Na tsaya har ya bushe, sannan na ɗauki bokitin Saratu na kama hanyar Dakata.