Jiragen Baba Dikko Masu Ƙugiya

Abin da na fara gani ranar da aka sauke ni a gidan kakata Inna Hajo shi ne wata doguwar igiya da aka ɗaure tsakanin turaku biyu, an yi mata madaukai a jere. Dangwali ke nan, inda ake ɗaure maruƙa idan shanu sun fita kiwo. Shekarata tara a lokacin, an kawo ni hutu a kan babur daga Tambuwal zuwa ƙauyenta da ke gaba da Fakku. Ni yarinya ce marar magana. Na fi son in zauna in yi ta kallo.

Bayan magariba, idan an sauke tuwo, Inna takan tura ɗanyen itace a murhu don hayaƙi ya kori sauro, mu jikoki mu kewaye ta. Aminiyarta Ta-Jabo ma takan shigo da 'yar tabarmarta. Na lura kowace tatsuniya da "ga ta nan" take farawa, da "ƙurunƙus" take ƙarewa, alamar duk ƙirƙira ce. Labari ɗaya ne kawai ba ta yi wa haka. Shi sai ta gyara zama ta ce, "Babana Dikko, Allah shi jiƙan shi, ya ce mini..."

Dikko makiyayi ne da aka ɗauka soja a yaƙin Turawa. A wata tashar teku aka ɗebe shi da wasu sojoji su loda kaya a wani ƙaton jirgin ruwa, suka yi kwanaki a cikinsa.

"Bisan jirgin ga fili na, shimfiɗe awa masussuka," in ji Inna. "Ƙarƙashi kau jiragen sama na kwance, sun naɗe fukafukai awa kaji cikin akurki."

Idan an hango jiragen abokan gaba, sai a ɗago su sama ɗaya bayan ɗaya, maza su miƙe musu fukafukai da hannu. Jirgin ruwan ya juya hancinsa wajen iska, su sheƙa su tashi. Dawowar ce wuya, domin filin gajere ne, teku kuma tana rausaya shi. Sai aka gitta igiyoyin ƙarfe a kansa, kowane jirgi kuma da ƙugiya ƙarƙashin wutsiyarsa. Dikko yana gani ya ce ai dangwali ne.

A nan Inna takan miƙe da faifai biyu, ɗaya a kowane hannu. Wai akwai mutum guda da ke tsayawa a gefen filin da irinsu, domin hancin jirgi yana tare wa matuƙi gani. Ya ɗaga, ya sauke, ya karkata, matuƙi yana bin hannunsa.

"Ran nan fuɗu sunka tashi, uku sunka komo. Babana ko, ka san makiyayi, bai iya zama in garke bai cika ba."

Can na huɗun ya ɓullo yana hayaƙi. Ya taho a karkace, mai faifai ya kore shi, ya sake kewayowa. A karo na biyu ƙugiyar ta tsallake igiya ta fari, ta tsallake ta biyu, ta cafke ta ƙarshe, jirgin ya tsaya cak yana karkarwa.

"Hajo, ki ji tsoron Allah," in ji Ta-Jabo. "Jirgi bisa jirgi? Kowa ya san ruwan gishiri ya taɓa kan Dikko."

"Ke da ko kwalekwale ba ki taɓa shiga ba, mi kinka sani?"

Yara suka fara ƙyalƙyala dariya. Ni da ban taɓa buɗe baki a wannan zaman ba, sai na ji ina son a yi dariyar tare da ni. Na ce da ƙarfi, "Ƙurunƙus!"

Aka fashe. Ta-Jabo har da buga cinya. Inna ta ajiye faya-fayanta a hankali, ta dube ni.

"Har da ke, takwara?"

Ba ta yi faɗa ba. Ta ci gaba da ba mu Gizo da Ƙoƙi duk hutun da na je, amma ba ta ƙara ambaton Dikko ba. Na girma da sanin ni na rufe bakinta, kuma kunya ta hana ni ba ta haƙuri. Me zan ce? Ni ma ban yarda da labarin ba.

Bara, a aji biyar na sakandare, malamarmu ta kimiyya tana koya mana yadda ake tsayar da abu mai gudu, sai ta kunna wani tsohon majigi marar launi a kwamfutarta. Ga fili a kan teku. Ga mutum da abubuwa biyu masu faɗi a hannu, yana ɗagawa yana saukewa. Ga ƙugiya ta cafki igiya. Na sauke wata ajiyar zuciya har ɗalibar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko lafiya.

Da hutu ya zo na tafi da majigin a wayar yayana. Idanun Inna sun yi rauni, don haka Ta-Jabo ce ta kalla, sau uku.

"To," ta ce, "ashe Dikko ya rage ma. Bai ce wasu na faɗawa ruwa ba."

"Ya faɗi," in ji Inna, sannan ta juyo wajena. "Ku ne ban gaya ma ba, kuna ƙanana."

Da ina tsammanin hujja Inna take jira. A ranar na gane ita ba ta taɓa shakka ba. Fiye da shekara sittin tana riƙe da maganar mahaifinta ita kaɗai, abin da ta rasa kawai shi ne wanda zai saurara bai yi dariya ba.

Na matsa kusa da ita har gwiwata ta taɓa tata.

"Inna, ki yafe mini. Ki sake ba ni labarin tun daga farko, har da wanda kika ɓoye."