Accar Baba, burodin yayansa

Shekara tara ke nan da muka binne mahaifina, Baba Yakubu, kuma har yau na rasa hukuncin da zan yanke wa cimarsa.

Ya yi aiki a masaƙa a Kakuri har aka rufe ta, amma cikinsa bai taɓa barin ƙauye ba. Faten acca da yakuwa, gwaza, kunun dauro, miyar daddawa. Duk ranar da Mama ta saci jiki ta jefa magi a tukunya, loma ɗaya yake yi ya ture kwano. Yakan ce da wannan abinci kakarsa ta ga tattaɓa-kunne ba ta san ƙofar asibiti ba. Ni ma shaida ce, ko mura ban ga ta kwantar da shi ba. Mu kuwa kunya muke ji, yaran maƙwabta na cin taliya, mu muna tashin warin daddawa.

Sai ga shi bai kai saba'in ba. Wata Lahadi ya dawo daga coci, ya ce kansa na sarawa. Kafin a samo mota, rai ya yi halinsa.

Yayansa kuma, Baba Ishaya, yana nan a unguwar Kamazou, ya haura tamanin: burodi da lemon kwalba da safe, tsire da yamma. Kwanan baya na je gaishe shi, na tambaye shi sirrin. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "'Yata, ubanki ya ci don ya daɗe, ni na ci don daɗi. Sauran ki tambayi Allah."

Yanzu likita ya ce sugana ya hau, in koma wa acca da ganye. Accar da muka rena, ita ce yau cikin leda mai ado a manyan kantuna. Da Baba na raye, zai ce maganarsa ta fito ne, ko zai dubi yayansa ya sake tunani? An ce abincin wani gubar wani, amma ba a gaya mana yadda mutum zai gane nasa ba.

Tsawon kwanan da Baba ya nema bai samu ba, kuma ba shi ya bar mana ba. Jiya na dafa fate, ɗana ya yamutsa fuska, sai na ji bakina ya ce, "Ci, don ka daɗe." Muryar Baba ce sak. Yaron ya ci, ni kuwa ban san ko gaskiya na gaya masa ba.