Ramukan da Baba Ya Toshe

Har yau in na ga katanga ta turo ciki, ba na bi ta gindinta. Jikokina sai su yi ta dariya, wai tsohuwa na tsoron bango. Ku yi dariyarku, 'yan nema. Ai wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Gidanmu na garin Gidan Rumji yana kan tudu ne, ta wajen da gari ya fara gangarawa gulbi. A ƙarƙashinmu akwai gidan wasu Fulani da suka bar yawon kiwo suka zauna noma tun zamanin kakana. Tsakaninmu da su gangare ne da ya fi tsayin mutum, kowace damina ruwa sai ya gutsure shi, bayan gidanmu yana ta raguwa. Tsohuwar gidan, wadda duk unguwa ke kira Inna, ɗakinta yana daidai gindin gangaren nan. Ita ta koya mini dama fura, ita kuma ke ɓoye ni in na yi ɓarna a gida.

Bayan an sauke tutar Nasara an ɗaga tamu, Baba ya ce ya gaji da ƙasarsa na zuba wa mutane. Mai awon gyaɗa ne, ya ga gine-ginen Maraɗi, sai ya ƙudura katangar siminti wadda za ta tare tudun gaba ɗaya. Nan aka ce masa irin wannan gini ba a yinsa sai da izinin buro, wato ofishin gwamnati. Ya yi ta faɗa a tsakar gida.

"Da Nasara ke hana mu, yanzu kuma ɗiyanmu! Ƙasata, simintina, sai na roƙi wani?"

Ya gama faɗansa, ya hau motar gyaɗa ya tafi. Ya je ya dawo, ya sake komawa, har aka turo mai awon gini daga Maraɗi, wani siririn ɗan lakol, wato ɗan boko, mai ladabi. Ya zagaya, ya tona ƙasa ya murza a tafinsa, ya ce ba zai sa hannu ba sai an yi yadda ya faɗa. A haƙa tushe har ƙugun mutum. Gindin katanga ya fi samanta kauri. A sa ƙarfe a ciki, a zuba tsakuwa a bayanta kafin a mayar da ƙasa. Abin da ya fi nanatawa shi ne ramuka: a jera guntayen bututu a ƙasan katangar, a bar su a buɗe.

Magini ya kama baki. A garinmu rami a bango aibi ne. Kafin kowace damina gida-gida ake bi da yaɓe, duk wata kafa a liƙe ta, don ruwa da ɓera da maciji. Wanda ya bar rami a bangonsa, raggo ake ce masa.

Mai awo ya ce, "Baba, irin wannan katanga ruwa ke kada ta. In ya shiga bayanta bai samu hanyar fita ba, shi zai yi wa kansa hanya."

Baba ya ce ya ji. Aka yi yadda aka ce, aka ba shi izini, katanga ta tashi. Damina ɗaya ta wuce a kanta ko gezau. Mutane har daga ƙauye suke zuwa kallo.

A bazarar da ta biyo na dawo gida haihuwar fari. Allah ya ba ni ɗiya mace, aka shiga wankan jego. Wanda bai ga wankan jego na wancan zamani ba, bai san ruwa ba. Safe da maraice ana tafasa ƙatuwar tukunya da ganye, gwaggota ta tsoma reshe ta yi ta fyaɗa mini har in ga wuta-wuta. Makewayinmu kuwa yana can bayan gida, jikin katangar. Duk ruwan nan ƙasa ke shanyewa, ya sauka cikin tsakuwa, ya huce, ya riƙa ɗiga ta bututu a tsakar gidan Inna.

Wata safiya Baba ya leƙa ta saman katanga, ya ga Inna a duƙe gindin ramukan da 'yar fartanya tana tona jiƙaƙƙiyar ƙasa. Bai yi mata magana ba. Ya dawo fuskarsa a murtuke. Ku gane, ni ce 'yar farinsa, ko sunana ba ya faɗa. A ce ruwan jegona ne ke kwarara gidan maƙwabta, har tsohuwa na fama da shi da fartanya? Ya jira ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi tallan nono, ya zagaya da tsumma da ragowar siminti, ya bi ramukan nan ya toshe su tas, ya shafe da hannunsa.

Ba a jima ba damina ta sauka, mai ƙarfi. Ga ruwan sama, ga na jego.

Ni na fara gani, don ni ke shiga makewayin nan kullum. Ƙasar ta daina shan ruwa. In na taka sai ta lotsa kamar tuwon da bai nuna ba. Sai wata 'yar tsaga ta buɗe tsakanin ƙasa da katanga, tun tana ɗaukar tsinke har ta koma ɗaukar yatsa. Tururuwa suka yi ta fitowa daga ciki da ƙwayayensu a baki. Kajinmu da ke kwana can suka ƙaura da kansu. Da na zagaya gidan Inna na ɗaga kai, sai na ga abin da ya fi wannan. Katangar ta yi baƙi-baƙi tana gumi, tsakiyarta ta turo.

Inna kuwa nan take shimfiɗa tabarmarta kowace rana bayan azahar, saboda inuwar. Nan ake kai mata jaririyata ta riƙe, tana yi mata waƙa da Fillanci.

Na gaya wa mahaifiyata. Ta ce, "Ke, rufa mini asiri. Ta yaya zan tada wa babanki maganar ruwan wankanki?"

Na koma wurin Inna, na durƙusa. "Inna, don Allah ki mayar da tabarmarki gindin bishiyar bedi. Ki koma kwana ɗakin matar ɗanki har damina ta wuce."

Ta dube ni, ta dubi katangar. Wallahi ta ga abin da na gani, ba makauniya ba ce.

"Ɗiyata, in na ɗauke tabarmata daga inuwar katangar Malam babanki, mi gari za ya ce? A ce ginin da ya yi don mu ne muke gudu?"

Daga ranar na hana a kai mata jaririya. Ta aiko, na ce tana barci. Ta sake aikowa, na ce tana zazzaɓi. Ba ta ƙara aikowa ba. Ta yi fushi, amma nonon da take kawo mini kowace safiya bai fasa zuwa ba, da ɗan man shanu a kai. Ina sha ina kuka.

Ƙarshe na ajiye kunya na tari Baba a zaure, abin da ban taɓa yi ba.

"Baba, mai awo ya ce a bar ramukan nan."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Siminti ne, ba laka ba. In kin gama wanka a buɗe."

Kunya, kunya! Mutane uku masu hankali sun ga mutuwa tsaye a kan tsohuwa, kowa na tsoron ɓata wa wani rai. Har gobe in na tuna raina ɓaci yake.

Ranar ma ba a yi ruwa ba. An kwana ana yi, gari ya waye tas, rana ta fito. Bayan azahar ina ɗaki ina ba jaririya nono, sai na ji wani nishi daga ƙasa, kamar saniya za ta kwanta. Ƙwaryar da ke jingine a bango ta mirgina. Kafin in miƙe, bayan gidanmu ya tafi, da makewayin da tukunyar wankan.

Maza suka yi ta tono da hannu da galma. Kafin la'asar suka iske ta a kan tabarmarta. Baba na cikin masu tonon, farcensa duk jini. Na ga wani guntun katangar an ja shi gefe, bututun na jiki, toshiyar tana nan daram, har da shatar yatsunsa.

Ranar sadakar uku muna zaune a tsakar gidansu, babban ɗan Inna ya zo ya tsuguna gaban Baba yana ba shi haƙuri, wai kada ya sa wa ransa, kwana ne ya ƙare. Ina bayan zana, ina jin kome.

Sai ɗan Inna ya ce, "Allah ya ji ƙanta, ta so ruwan nan naku. Kabewa ta shuka gindin ramukan tun bazara, wai mai jego ta samu ta miya. Da ruwan ya ɗauke ta damu ƙwarai. Na ce bari in tambayi Malam ko lafiya, ta ce kul, kada in ba ka kunya."

Baba ya ɗaga hannuwansa yana kallo, ya daɗe yana kallonsu.