Sassaben da Na Yi a Dajin Kawu Isufu

Laraba: Jidda zuwa Baha

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na kulle ɗakina a Khumra, wata unguwa a Jidda inda nake aikin kafinta, na nufi tasha. Zan je ganin Kawu Isufu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya shekara tara yana gadin wani dajin gwamnati a kan duwatsun Baha. A lokacin baƙo ba ya barin gari sai da iƙama, wato katin zama, da takardar izinin kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa. Tawa takardar Ɗa'if kawai ta ambata. Na san da haka, na yi ta maza na tafi.

Direbanmu Bahaushe ne haifaffen unguwar Bani Malik ta Jidda, Hausarsa rabi Larabci. Muka hau dutsen Hada motar tana nishi, birai na zaune a bakin hanya suna kallonmu. Ƙarfe takwas muka shiga Ɗa'if, kilomita kusan ɗari da saba'in, muka karya da ful da tamis, wato wake da gurasa. Bayan mun fita gari aka tsayar da mu a shinge. Askari ya karɓi takardata, direba ya cika shi da surutu har ya miƙo mini ita bai karanta ba.

"Halas ya ammi, ka tsira," in ji direba. "Bas kada ka sake nuna ta ga kowa."

Sai la'asar na isa wurin Kawu. Sanyi da hazo suka tarye ni, ni da na baro zufar Jidda da riga ɗaya. Itatuwan ar'ar ne ko'ina, tsofaffi, a murɗe, wani abu fari-fari na reto a rassansu kamar gemun dattijo. Kawu ya ce shi ke kama hazo ya ɗigo wa saiwa ruwa. A dajin nan ba a sara, ba a kiwo, ko kututturen da ya faɗi a nan ake barinsa ya ruɓe.

Na yi dariya na ce, "Kawu, wannan ai gonar malalaci ce."

"Kai dai ci tuwonka, Habu. Gobe in na dawo zan nuna maka 'ya'yana."

Alhamis: a cikin daji

Ƙarfe shida Kawu ya gangara ƙofar daji don tarbar mudir, wato shugaban wurin, wanda shi ke riƙe da iƙamarsa. Ni kuwa ɗan manomi ne daga Tasawa, kuma a gidanmu ba ka kwana wurin kawunka ka wayi gari kana miƙe ƙafa. Bayan ɗakinsa akwai wata gangara da ƙaya ta cinye, abin har ya ba ni kunya a madadinsa. Na ce tsufa ne ya kama shi. Na samo adda da manjagara, na tuɓe riga duk da sanyin.

Daga bakwai zuwa sha ɗaya na yi sassaben da ko babana sai ya yaba. Na sare, na share, na tara ƙayar wuri guda. Saura wuta kawai, Allah ya sa ban sami ashana ba.

Suka iso su biyu. Kawu ya tsaya cik. Ya durƙusa gaban tarin, ya sa hannu cikin ƙaya ya zaro wani ɗan tsiro da bai fi yatsa ba.

"Habu, shekararsa biyar," ya ce a hankali.

Ashe 'ya'yan ke nan. Ar'ar ba ya tashi a fili. Ƙayar ce ke kare shi daga rana da awakin da ke satar shiga. Wata ma Kawu ne ya jawo ta da hannunsa ya rufe su.

Mudir ya daka tsawa: "Min sawwa hada?" Wa ya yi wannan?

Addar tana kusa da ƙafata. In na ce ni ne, takarda zai tambaya. Ina cikin wannan lissafin Kawu ya miƙe ya ce, "Ana, ya mudir. Ni ne." Na buɗe baki, na rufe. Wannan shirun shi ne abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata.

Juma'a: komawa

Ƙarfe biyar na asuba Kawu ya rako ni bakin titi, da kwalbar zuma a hannunsa wai in kai gida. Babu wanda ya tsayar da mu a hanya. Magariba ta yi mini a Khumra.

Bayan mako shida Kawu ya sauka a ɗakina da akwati ɗaya. An sallame shi, an buga masa hatimin fita daga ƙasar. Kwana biyu ya yi, bai ɗaga zancen ba. Sai a filin jirgi na samu na ce, "Kawu, ka yafe mini."

"Taimako ka zo yi, ɗana. Wannan ya wuce." Sannan ya ce, "Bakwai sun tsira a gefen dutse. Abin da ke damuna, wanda ya gaje ni bai san inda suke ba."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa direban Bani Malik. Kawu Isufu kuwa ya rasu a Tasawa, ban taɓa samun bakin da zan gode masa da shi ba.