Tsohuwar Cikin Talabijin

Jiya jikata ta kunna wani kiɗa a waya, sai na aje muciya. Kiɗan wasan barkwancin nan ne da muka fara kallo a Isa, shekarar da aka sawo mana talabijin.

Uwar mijina, Inna, lokacin idanunta sun tafi. Takan ƙulle goro a bakin zane, in ka roƙa sai ta yi tari ta ce, "Sai ran kasuwa."

Ranar farko, bayan la'asar, muka baje tabarma, tana gefe tana ƙamshin man shanu. Sai ga wata tsohuwa marowaciya a cikin wasan, an roƙe ta goro, ta yi tari. Na zunguri matar ƙanen mijina, na nuna mata Inna da baki. Muka yi dariya har da hawaye.

"Me aka yi, ɗiyata?"

"Akuya ce ta faɗi, Inna."

Ta taya mu dariya. Don tsohuwar nan ta talabijin muka riƙe wasan, kowane mako kuwa akuya sai ta faɗi.

Ana nan, ana nan, ciwo ya kwantar da Inna. Ina matsa mata ƙafa ta ce, "Idona ne ya mutu, kunnena na nan. Tun ranar farko na ji tarina. Daɗinku na ji, shi ya sa na ƙyale."

Don kunya, har ta rasu ban ce ta yafe mini ba. Allah ka haskaka kabarinta, ka isar mata da abin da na kasa faɗi.